Kafintan da Ya Kasa Ajiye Waya

Ku da kuke cewa kasuwa ta koma cikin waya, ban ƙaryata ku ba. Ku dai gyara zama ku ji yadda ta ƙare da wani kafinta.

Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Gadon da ya haɗa, sai ka gaji da shi ka kyautar bai taɓa yin ƙara ba. Amma shagonsa na can ƙuryar layi, bayan masu walda, inda ba mai biyowa sai wanda ya ɓata hanya. Ya buɗe shafi kamar kowa yana ɗora hotunan kujeru, ba mai tankawa sai ƙanwar matarsa, ita ma don kara. Maƙwabcinsa kuwa, wanda ƙusa ma a karkace yake buga ta, oda har ta yi masa yawa, don kawai ya iya zuba a bidiyo. Abin ya yi ta cin ran Kafinta har ya kai kansa wurin boka.

Ba daji ya shiga ba. Wani ɗaki ne a saman bene a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, an toshe tagarsa da kwali. Matattun wayoyi ne rataye da baƙin zare tun daga rufi, gilasansu a farfashe, suna juyawa a hankali alhali ba iska. A ƙasa ga kwano cike da wani baƙin ruwa mai kauri, yana ƙarni irin na mahauta. Bokan kuwa rigarsa a goge, kamar mai shirin tafiya ofis.

"Aikinka ba shi da laifi," in ji boka, tun baƙon bai zauna ba. "Ido ne babu a kanka. Ina da abin da zai jawo maka shi."

"Me zan bayar? Ni fa ba na zub da jini."

"Wa ya tambaye ka jini? Abin nan kallo yake ci. Duk wanda ya tsaya a shafinka, zai ɗan lasa daga jikinsa. Wani ya rasa barci, wani ya ji gidansa ya fita ransa. Suna da yawa, ba wanda zai gane."

"To ina matsalar?"

"Ranar da masu kallo suka yi ƙaranci, yunwa ba za ta jira ka ba. A gida zai ci. Ku kuwa a gida ba ku da yawa."

Kafinta ya yi murmushi. "In dai wannan ne, da sauƙi. Wa yake ajiye waya a zamanin nan?"

Boka ya kama babban yatsansa ya tsoma a kwanon, ya danna shi a kan gilashin wayarsa. Nan take matattun wayoyin nan suka kawo haske gaba ɗaya, suka sake mutuwa. "Yatsan zai riƙa gaya maka," in ji boka. "In ya yi ɗumi, abin ya ƙoshi. In ya yi sanyi, ka yi ta kanka."

Arziki ya zo da gudu. Ya koma bakin titi, shago mai ƙofar gilashi, da injina da ma'aikata. Sai dai mutumin da aka sani da zarto ya zama mai ɗaukar hoto. Da waya yake tashi, da ita yake zama cin abinci. "Maigida," matarsa kan ce, "ko mu ma sai mun zama kujera za ka kalle mu?"

Ya gaji, gajiya ta gaske. Ya yi kewar ƙamshin sabon katako, ga oda jibge wadda za ta kai shi baɗi. Sai ya raya wa kansa cewa boka tsoratarwa kawai ya yi. Ya rubuta wa mabiyansa cewa zai ɗan ja da baya ya kula da iyali da sana'arsa, aka yi ta yaba masa hankali, ya jefa wayar a durowa. Kwanakin nan su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Ya koma riƙe guduma, yana raka 'yarsa makaranta, ita kaɗai Allah ya ba su, yana kiranta 'Yar Baba. Yatsan yana ta sanyi kamar an sa shi a firji, ya ƙi kulawa.

Wata safiya aka tarar da mahaifiyarsa, wadda ke tare da su a gidan, zaune a kan tabarmarta, tsohuwar da ko mura ba ta yi, idanunta a buɗe sun yi fari fat. Yana taɓa gawar ya ji yatsansa ya ɗauki ɗumi.

Nan take ya ciro wayar daga durowa. Hoton zaman makoki ya fara ɗorawa, jama'a suka yi ca. A nan ya koyi mugun darasi: an ƙoshi da kujerunsa, hawayensa ake so.

Matarsa ba ta san da boka ba. Ita dai ta ga waya ta cinye mata miji, har makokin uwarsa ya zama talla. Ta faki idonsa ta jefa ta a bokitin wanki. Kafin ya sayi wata ya samu a buɗe masa shafin, matar ta fara lulluɓe madubai da zani, tana cewa ana leƙenta ta cikin bango. Ta yayyaga kayanta a tsakar gida tana dariya. Shi kuma, Allah wadaran wannan zuciya, ya ɗauke ta a bidiyo ya ɗora. Yayyenta suka zo suka tafi da ita, babban ya tofa masa yawu a fuska.

Saura shi da 'Yar Baba. Ya koma benen nan ya durƙusa. "Ka karɓe abinka, ka haɗa da shagon."

"Ni ma don in rabu da shi na ba ka," in ji boka. "Ja min ƙofar."

Sai yarinyar ta kamu da ciwon ƙirji, irin wanda kowane yaro kan yi. Ya nuna ta a kwance, masu kallo suka cika shafi da addu'a. Likita ya rubuta magani, ta fara tashi, ta fara cin abinci, har tana tsokanarsa. Masu kallo suka watse, don ba mai ɓata datarsa a kan yarinya mai lafiya. Yatsan ya fara sanyi.

Yana son 'yar nan fiye da ransa, kuma tsoro ya gama cin hankalinsa. Ya yi lissafi irin na wanda ya riga ya ɓata: in ta warke abin zai cinye ta, in tana kwance za a kalle ta. Sai ya rage maganin. Tari ya dawo, jama'a suka dawo. Da suka fara sabawa da tarin, ya ɓoye kwalbar gaba ɗaya.

Ran nan da la'asar ya kafa wayar a gaban gadonta, yana nuna ta kai-tsaye.

"Baba, ƙirjina. Ba ni maganin."

"Yanzun nan, 'Yar Baba. Ɗan kalli nan tukuna, ki ɗaga musu hannu."

Ta ɗaga da kyar. Mutane suka yi ta shigowa, bai taɓa ganin cika irin ta ranar ba. Ya juya mata baya ya fuskanci wayar, yana godiya, yana share hawaye, har ya sako zancen sabbin gadajen da suka fito. Yatsan ya yi ɗumi, hankalinsa ya kwanta. Sai ya ga saƙonnin da ke gudu a gilashin sun sauya. *Malam, juya. Yarinyar ba ta motsi. Don Allah ka juya.*

Baƙin da bai taɓa gani ba su suka gaya masa 'yarsa ta rasu, tana bayansa, inda hannunsa zai iya kaiwa.

Aka rufe shafin, ma'aikata suka kwashe injina, shagon ya zama wurin ajiye taya. Yanzu yana yawo a layin masu walda ba takalmi, yana tare mutane yana roƙonsu su kalle shi, kowa na kau da kai.

Kai mai ƙaramar sana'a da kake jin duniya ta manta da kai, ka kiyayi kwaɗayin idon jama'a. Abin da za ka ɗauka ka kasa ajiyewa ranar da gidanka ke kiranka, kada ka soma shi. Kuma kada ka ɗora wa boka laifin yarinyar nan. A ranar abin a ƙoshe yake, ko kusa da ita bai je ba. Ubanta ne ya hana ta magani.