Ɓarawon Yogot

Hannu biyu ne suka sauka lokaci guda a kan robar yogot ɗaya, a firjin kantin da ke kusa da tashar mota. Ita kaɗai ce ta rage marar sukari, kuma babu wanda ya yi niyyar saki.

"Malam, ni na riga ka," in ji Auta.

"Wallahi hannuna ne a ƙasa, duba ki gani."

Ta duba. Da gaskiyarsa, nasa ne a ƙasa. Ta ɗago za ta ƙara magana, sai ta ga dogon saurayi cikin shuɗiyar rigar direbobin manyan bas, yana murmushi kamar an yi masa albishir. 

"Babana ne ba lafiya," ta ce a hankali. "Likita ya hana shi sukari, ya kuma ce dole ya karya kafin ya sha magani. Duk abin da na kai masa sai ya ture. Wannan ma gwaji zan yi."

"Haka zallansa za ki ba shi? Ai ko ni sai in ture." Ya sakar mata robar, ya gyara tsayuwa. "Zuba shi a kwano, ki yanka rabin ayaba, ki yi wa tuffa ƙananan yanka, ki watsa soyayyar gyaɗa a kai don ya ji ƙurus-ƙurus. Kada ki juya, bari ya fara ci da ido. Kafin ruwan shayi ya tafasa kin gama. Da shi nake karyawa kullum kafin in hau hanya."

"To kai gobe da me za ka karya?"

"Da lambar wayarki, in kin taimaka. Don kawai in ji ko Baba ya ci."

Ta harare shi harara mai kyau, sannan ta karanta masa lambar. A wayarta kuwa ta sa masa suna Ɓarawon Yogot.

Washegari Baba ya cinye tas, har yana kankare kwano da cokali. Auta ta ruga kicin ta rubuta wa direban saƙo:

"Ya cinye! Har ya ce a ƙara! Tsalle nake yi a kicin kamar yarinya."

Amsa ta zo nan take: "Alhamdulillahi! Gobe ki gwada da gwanda. Ni dai jiya na yi mantuwa a kantin nan, kuma ke nake zargi."

"Me ka manta?"

"Zuciyata, Zumata."

"Allah ya shirye ka, ɓarawo."

Maganar dai tsohuwa ce, kowa ya san ta. Amma ranar a shagon da take ɗinkin labule, Auta ta yi ta leƙa saƙon nan har ta ɗinke gefen labule a baibai, tana farkewa tana dariya ita kaɗai.

Daga nan soyayya ta kankama. Kowace safiya ta ɗauki hoton kwanon Baba ta tura masa, shi kuma ya turo nasa daga duk garin da gari ya waye masa. In ya dawo, ya biyo shago da ledar kayan marmari, ya zauna kan kujerar kwastoma yana kallonta har ta soke yatsa da allura. Baba kuwa ya fara murjewa, kumatu suka dawo, faɗa ma ya dawo.

Ranar da ta gaya masa akwai mai son zuwa gaishe shi, ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Wace sana'a yake yi?"

"Direba ne, Baba. Na bas mai dogon zango."

Cokalin ya tsaya a hannunsa. Shi ma Baba tsohon direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a kan titi ta ƙare.

"Ban yarda ba," ya ce. "Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ta riƙa karyawa a teburin nan, tana kallon kujerata babu kowa. Ranar da na ajiye tuƙi na ce yanzu zan zauna da ita, ba ta ƙara shekara ba. Ba zan ba ki mijin da za ki riƙa karyawa da hotonsa ba."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da ta gaya wa Direba, ya ce, "Kwantar da hankalinki, Zumata. Ta kwano na shigo gidan nan, ta kwano zan roƙe shi."

To a nan fa zumuɗi ya ja shi. Ya sayi abarba mai ƙamshi, wadda bai taɓa sawa a yogot ba, wai don Baba ya ji abin da ya fi na kullum. Motarsa da sassafe take tashi, saboda haka tun da asuba ya yanka, ya juye cikin yogot, ya gauraya, ya rufe, ya miƙa wa Auta a ƙofar gida ya wuce. Ta sa a firji. Baba bai tashi karyawa ba sai da hantsi ya ɗaga.

"Baba, shi ya haɗa maka da hannunsa," ta ce.

Baba ya kai cokali ɗaya baki. Fuskarsa ta yamutse. Ya haɗiye da ƙyar, ya tura mata kwanon. Ta ɗanɗana, sai ɗaci ya gauraye mata baki kamar ta tauna ƙwayar magani, yogot ɗin ma ya tsinke ya zama ruwa.

"Kin ji ko?" in ji Baba. "Haka abincin wanda ba ya nan yake."

Kunya da haushi suka taru mata. Ta rubuta masa:

"Yogot lalatacce ka kawo wa Babana? Ɗaci kamar me! Ka gama kashe mu."

Ya amsa: "Wallahi sabo ne. Ba ni ɗan lokaci."

Shi ke nan, ɗif. Babu hoto da safe, babu leda a shago. Ta kira, ya ce yana ofishin manaja, zai neme ta. Auta ta ce a ranta, ashe haka maza suke, ɗaci kaɗan ya kore shi.

Gwaggo, ƙanwar Baba, da ma jira take yi. Sai ga ta da ɗanta, ma'aikacin ofis mai ƙamshin turare, ɗauke da katan guda na yogot. "Ga ɗan gida," in ji ta, "kullum a gari yake kwana." Auta ta juya roba ɗaya ta karanta, duk mai sukari ne. Ta gode, ta jera su a firji, ta ce sai a riƙa ba baƙi.

Ranar Asabar da safe tana cikin yanka ayaba ba walwala, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe. Direba ne, da abarba guda ba a fere ba a hammata, da robar yogot a hannu, da wuƙa naɗe a tawul.

"Zumata, matsa in wuce. Yau ba wajenki na zo ba."

Bakinta ya ƙi rufuwa don murna. Ya shiga falo ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, laifina ne. Na je na tambayi wata mai sayar da lemon kayan marmari, ta yi mini dariya har da riƙe ciki. Ta ce ɗanyar abarba in ta daɗe cikin yogot ɗaci take sa shi. Ba a haɗawa a ajiye, sai a yanka a ci nan take. Ku ba ni izini in sake."

Baba bai hana ba. Direba ya wanke hannu, ya fere abarbar a kan tebur, ƙamshi ya cika ɗakin. Ya zuba yogot, ya jera ayaba, ya ɗora abarba a sama, ya watsa gyaɗa. Garin zumuɗi har gyaɗa ta zube a ƙasa. Auta tana bakin ƙofar kicin ta danne baki da gyale.

Baba ya ci cokali ɗaya. Ya ci na biyu. Bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano.

"Ya yi daɗi," ya ce. "To gobe fa? Gobe kana wane gari?"

"Ina nan, Baba. Abin da ya ɓoye ni ke nan. Na yi ta zarya ofishin manaja har ya mayar da ni bas ɗin cikin gari. Sai na karya nake fita, kuma a gida zan riƙa kwana."

"Kai da ka ce kana son doguwar hanya?" Auta ta faɗa ba ta san ta yi magana ba.

"Ina son ta. Na fi son ki."

Baba ya daɗe yana kallon kujerar da ke gefensa, wadda ba a zama a kai tun rasuwar matarsa. Ya share ido da bayan hannu, ya jawo ta da ƙafa.

"Tashi daga ƙasa ka zauna nan. Auta, kawo masa kwano. Kai kuma ka turo manyanka."

Auta ta saki ihu ta yi kicin da gudu, ta dawo da kwano ba cokali, ta koma ta dawo da cokali ba kwano. Har Baba sai da ya yi dariya.

An ɗaura aure cikin taron 'yan'uwa da direbobi, Gwaggo ma ta sauko ta sa albarka. Suka kama gida a layin bayan na Baba, don kada karyawa ta gagara.

Safiyar farko da suka je, Baba ya riga ya jera kwano uku a tebur, ya ajiye abarba da wuƙa a gaban kujerar surukinsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari," ya ce. "Allah ya sa kada ɗayanku ya taɓa karyawa shi kaɗai."

Suka ce amin. Wayar Auta ta yi ƙara a cinyarta. Ɓarawon Yogot ne, yana zaune a gefenta yana fere abarba kamar ba shi ba:

"Zumata, miƙo gyaɗa."