Kafasitar da Khamis Ya Juya

Khamis na zaune a shagonsa na gyaran rediyo a Kwamba, sai ga wata budurwa ta sauko daga Keke Napep rungume da amfilifaya. Asama'u sunanta.

"Babana ne ladan a Maje," in ji ta. "Yana kiran salla tana gurnani."

Ya buɗe, ya nuna mata wata kafasita mai kama da ɗan gwangwani, kanta ya kumbura. "Ita ke tace wuta. Ta gaji ne."

Ya ɗauko sabuwa. Irin wannan kafasitar kowace ƙafa da raminta, farin layin gefenta ke nuna yadda za ta zauna. Amma Khamis murmushin Asama'u yake kallo, ba layi ba. Ya liƙa ta a juye. Babu wuta balle ya gwada, ya rufe, ya roƙi lambarta.

Da la'asar saƙonta ya shigo: "Injiniya, Baba na fara kiran salla abinka ya fashe kamar bindiga. Liman har yanzu tari yake."

"Laifin murmushinki ne, Ma'u," ya mayar mata.

Daga nan soyayya ta kankama. Babanta Malam Haruna kuwa ya rantse amfilifaya ba za ta koma shagon ba, 'yarsa ma haka. Ga wani manemin aurenta, Tanimu mai aiki a Abuja, yana ta sintiri da alkawarin sayen sabuwa.

Asama'u ta daina cin abincin kirki. Da uban ya gaji, ya aika aka kira Khamis, ya dire masa amfilifayar, ya zaunar da 'yarsa a gaban Khamis.

"Yaro, mata ba kwana ɗaya za ta yi a gabanka ba. In ganinta ke sa ka juya kaya, da me za ka ciyar da ita? Gyara in gani."

Khamis ya sunkuya, gumi na ɗiga.

"Injiniya, ka ga lallena kuwa?" Asama'u ta ce a hankali.

"Ma'u, ki rufa min asiri."

Bai ɗago ba sai da ya duba farin layin, ya sake dubawa, ya narka dalma. Da magariba muryar Malam Haruna ta fita tangaran har bakin titi.

Da wannan amfilifayar aka sanar da ɗaurin aurensu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.