Maganaɗisun Ƙarƙashin Tebur

"Wa kika ce? Ɗigo Takwas?"

Malam ya dire kofin shayi har ya fallatsa a kan takardun da yake maki. Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Umma kuwa guga take yi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Abba, ai yana da suna..."

"Na san sunansa, ni na sa masa wanda ya fi dacewa da shi! Yanzu duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki kawo mini sai wanda ya yi wa zare ƙarya?"

Shekara talatin da ɗoriya Malam ya yi yana koyar da fiziks a sakandare ɗaya. An sha yi masa tayin kujerar shugaban makaranta yana cewa shi alli ya iya, ba hatimi ba. Gidan ma bai tsira daga gwaje-gwajensa ba: madubin Umma, cokulanta, har igiyar shanya, babu wanda bai taɓa zuwa makaranta ya dawo ba. Mutum ne mai raha, amma yana da wani tarko da yake ɗana wa kowane sabon aji. Zai rataye ƙwallon ƙarfe a bakin zare, ya sa yara su yi lilo da shi, su auna lokaci, su lissafa ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi. Littafi ya ce amsar tara da ɗigo takwas ce. Shi kuma sai ya liƙa maganaɗisu a ƙarƙashin tebur, ƙwallon ya riƙa sauri, lissafi ya haura sha ɗaya. Wanda ya rubuta abin da ya gani, ya ci. Wanda ya murɗe lissafi ya kawo amsar littafi, ya shiga uku. Saurayin Auta yana cikin waɗanda suka murɗe, har ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Tun daga ranar Malam ya laƙaba masa Ɗigo Takwas.

"Shekara nawa ke nan, Malam?" in ji Umma. "Yaro ne fa lokacin. Yanzu gwajin jini yake yi a asibiti."

"Jini? Jinin mutane? To Allah ya tsare marasa lafiya! Wanda ya yi wa zare ƙarya, mata ma zai yi wa."

Auta ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Tana son yaron nan kamar ranta, amma ta san ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta yi aure ba da albarkar Abbanta ba.

Shi dai saurayin bai yi zuciya ba. Watanni suka shuɗe, duk inda ya hangi Malam sai ya sauka daga babur ya gaishe shi.

"Ina wuni, Malam?"

"Lafiya lau, Ɗigo Takwas. Ya ƙarya?"

"An daina, Malam."

Umma ce ta gaji. Wata safiya ta tsare Malam a bakin ƙofa, ta riƙe masa jakar makaranta.

"Kai ke cewa gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita. To ka maimaita mana! Ko a aji kawai dokar take aiki?"

An kama Malam da igiyarsa.

Aka sa ranar hutun ƙarshen mako saurayi ya zo ya maimaita gwajin. Malam ya kafa zarensa a teburin falo, ya liƙa maganaɗisunsa a ƙasa, ya tafi wanka yana 'yar waƙa. Auta na leƙensa ta labule. Ita fa ɗiyar malamin fiziks ce, amma tun a aji huɗu ta tsere zuwa ajin adabi ba ta waiwayo ba. Abin da ta tsinta a labarin kawai shi ne wannan baƙin ƙarfen ne ya kayar da masoyinta. Ta lallaɓa ta ɓamɓare shi, ta jefa a aljihun doguwar rigarta, tana jin ta yi dabarar duniya.

Saurayi ya iso cikin farar riga, gumi har ya jiƙa wuyanta. Ya saki ƙwallo, ya danna agogon wayarsa, ya lissafa. Ya sake. Ya sake kuma. Tara da ɗigo takwas, cif!

Shi ya san tarkon sarai, ya kuma san amsar da Malam ke jira. In ya rubuta sha ɗaya kawai, za a ba shi Auta. Ya ɗago ya kalle ta a bakin ƙofar kicin, ta ɗaga masa babban yatsa tana murmushi. Ya kalli kalkuleta.

"Muna jira," in ji Malam.

"Malam... tara da ɗigo takwas na samu."

"Me?"

"Na san ba ita kuke jira ba. Na maimaita, ita take fitowa. Ba zan iya rubuta wata ba."

Malam ya miƙe tsaye, gilashinsa ya zamo kan hanci. "Kun gani ko? Hali zanen dutse! A gidana, a gaban idona! Ga ƙofa nan, kada in sake ganin babur ɗinka a layin nan."

Saurayin bai yi musu ba. Ya tattara wayarsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ya durƙusa ya ce, "Na gode, Malam," ya nufi ƙofa.

"Abba, ai ya ci!" Auta ta ƙwalla ƙara. "Amsar littafi ce fa! Wallahi wannan ba adalci ba ne!" Ta faɗa jikin Umma tana rusa kuka.

Umma na lallashinta sai ta ji ƙas! Mukullan da ke hannunta sun manne a aljihun Auta. Ta ja, suka ƙi. Ta sake ja, riga ta biyo.

"Ke, me kika haɗiye haka?"

Ta zura hannu ta zaro baƙin ƙarfe, mukullai na reto a jikinsa. Malam ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ba komai sai guntun salatif.

"Sori, Abba," in ji Auta cikin shessheƙa. "Na ɗauka shi ke ɓata rizol ɗin..."

Malam ya daɗe a tsugune. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban aji ba. Sai kuma dariya ta ƙwace masa, har da hawaye.

"Kai, dawo! Dawo nan, ɗana!" Ya kamo hannun saurayin a bakin ƙofa. "Ka san da ka rubuta sha ɗaya da na ba ka ita?"

"Na sani, Malam."

"Amma ka ƙi?"

"Ku kuka ce a rubuta abin da aka gani."

"Ni na faɗa, ni kuma na kasa. Ban leƙa ƙarƙashin tebur ba na yanke maka hukunci. Yau ɗalibi ya ci, malami ya faɗi. Je ka turo iyayenka." Ya juya ga Auta. "Ke kuma, ɗiyar malamin fiziks! Kin kusa cire mijinki tare da maganaɗisu."

Auta ta rufe fuska ta ruga ɗaki, Umma na bin ta da dariya.

Ranar ɗaurin aure, kyautar Malam 'yar ƙarama ce a ƙunshe cikin takarda: maganaɗisun nan. Yana manne a ƙofar firjin ma'auratan har yau. Sunan Ɗigo Takwas bai goge ba, sai dai yanzu da alfahari Malam yake kiransa.

Haƙuri ya kai yaron nan bakin ƙofa, gaskiya ce ta buɗe masa. Kuma kafin ka hukunta mutum da laifinsa na jiya, daure ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin tebur.