Ɗakin Kwamfuta Mai Magana

Ba zan ce da kallo soyayyarsu ta fara ba, don ita ba ta gani tun tana ƙarama, shi kuwa ranar kansa na ƙarƙashin tebur yana fama da wayoyi. Ƙwas-ƙwas ɗin sandarta ya ji, ya ɗago da sauri har ya ƙume kai da katako.

"Sannu," ta ce tana danne dariya. "Teburin dai bai ji ciwo ba ko?"

Ɗakin kwamfutar yana can ƙarshen laburaren jami'arsu. Wata jami'ar ƙasar waje ce ta haɗa hannu da tasu, ta aiko da kwamfutoci masu karanta wa makafi rubutu da murya, aka ɗauke shi aikin koyarwa. Ita kuma karatun lauya take yi, kuma ta gaji da roƙon ƙawaye su karanta mata littafi.

Kullum ta yi kuskure sai ya ce, "A sake." Nan da nan ta laƙaba masa Malam A-Sake. Kafin zango ya ƙare ta fi shi sanin na'urar, ta ƙure saurin muryar har shi kansa ba ya tsintar komai. Sai ya rama, ya sa mata Gaggawa. Ya sa mata manhajar a waya, wai don karatu. Karatu fa! Saƙonsa ne ya fara shiga:

"Gaggawata, yau ɗakin ya yi min faɗi da ba ki zo ba. Ina son ki, kuma wannan ba sai an sake ba."

Ta amsa: "A sake, Malam. Ban ji da kyau ba."

Sau nawa ta saurari saƙon nan, Allah kaɗai ya sani.

Da maganar soyayyarsu ta je kunnen Babanta, wanda kafinta ne, sai ya ajiye zarto ya ce a'a.

"Ba ƙin yaron nake ba, Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Amma na san masu aikin tallafin nan. Su zo da mota da kyamara, wa'adi ya cika su naɗe tabarmarsu. In ya tafi ya bar ki, wa zai share miki hawaye? Ga ɗan ƙanwata nan mai shagon taya, shi ba inda za shi."

"Baba, shi fa tausayina yake ji. Ni kuwa ba tausayi nake nema ba."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma tsoron Baba ya riga ya shige ta.

Ana cikin haka wata 'yar ajinsu, wadda ta daɗe tana yi wa Malam kwalliya a banza, ta tare ta a bakin laburare.

"Ba ki ji ba? Tallafin ya kusa ƙarewa. Mutum ɗaya za su ɗauka daga ɗakinku ya je can ƙasarsu ƙarin horo. Malaminki bai gaya miki ba? Ayya."

Wannan ayya ɗin ta fi mari ciwo. Gaggawa ta koma gida, ta daina zuwa ɗakin, ta daina ɗaga kiransa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ɓoyewar da ya yi.

Ran nan da yamma suna falo ita da Baba da Mama, saƙo ya shigo. Ta manta ba ta sa abin kunne ba, wayar ta kama surutu kamar an kunna keken ɗinki.

"Yaron nan ne?" in ji Baba. "Rage mata gudu mu ji. In sallama ce, gara a yi ta a gabana."

Ta rage. Muryar ta karanta dalla-dalla:

"Gaggawata, na yi shiru ne don kada in sa miki rai abu bai tabbata ba. Ni suka zaɓa, na ce musu wanda zai riƙe ɗakin nan bayan tafiyarsu ya kamata ya zama mai rayuwa da na'urar, ba mai koyar da ita kawai ba. Sun duba aikinki, sun amince. Ke za ki je, ki dawo ki shugabance mu. Ni ina nan, ina jiran ki. Ki yi fushin, amma ki ci abinci."

Mama ce ta fara sharar ƙwalla da bakin mayafi. Gaggawa ta kifa kai a cinyar Mama tana kuka tana dariya, kunya da daɗi sun haɗe mata.

Can Baba ya yi gyaran murya.

"Ce masa ya zo gobe."

Washegari Malam ya zo, ya durƙusa a shagon Baba cikin garin katako. Baba ya ƙare masa kallo.

"Kai yanzu ba ka tsoron ta je can ta ga wanda ya fi ka?"

"Baba, ai da kunne take zaɓe. Kuma ta riga ta saba da muryata."

Dariya ta ƙwace wa Baba har da tari. Ya dafa kafaɗarsa.

"Na yi ta fargabar kada ka tafi ka bar min ita, ashe ni da kai za a bari a gida. Tashi, ɗana. Turo manyanka."

Aka ɗaura aure kafin tafiyar, ɗaliban ɗakin suka cika gidan da sanduna da shewa. Da za a kai amarya, Baba ya kama hannunta ya sa cikin na mijinta.

"Allah ya yi muku albarka, ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Je ki, Uwata. Mu biyu muna nan muna jira."