Satar Akwatin Uwar Kaji

Ƙarfe takwas da rabi na safe aka kira Sufeto daga jami'a. An yi sata a cibiyar koyar da sana'a da kasuwanci, in ji mai kiran, kuma don Allah a hanzarta, akwai rayuka a ciki.

Sufeto ya miƙe tsaye. "Mutum nawa?"

"Sittin, Yallaɓai. Amma ƙwai ne."

Saje, wanda ke tuƙa motar, dariya ya yi ta yi har bakin ƙofar jami'a. Shekara ashirin da biyu Sufeto yana aikin ɗan sanda, ya kama 'yan fashi, ya tono masu kisan kai, yau ga shi ya ɗaure fuska zai je ceton ƙwai. Da suka isa, Sufeto ya riga shi sauka. Shi mutum ne da ba ya raina ƙara, komai ƙanƙantarta.

Cibiyar dogon gini ce mai babban zaure a tsakiya. A nan jami'a ke tara ɗalibanta masu dabara, ta ba kowa tebur da wutar lantarki da malamin da zai riƙa duba shi, har shekara guda. Ranar kuwa ranar baje koli ce. Ƙarfe goma sha biyu masu zuba jari za su zo, wanda aikinsa ya burge su ya samu jari da wurin buɗe masana'anta. Zauren ya cika da ƙamshin sabulu da na sabon fenti, kowa na goge teburinsa yana satar kallon na maƙwabci.

Shugabar cibiyar, wata gajeriyar Farfesa mai tarin makullai a wuya, ita ta tare su. Ta kai su tebur na ƙarshe, inda wata budurwa ke zaune ido jawur. Uwar Kaji ake ce mata, har malamai ma sun manta da sunanta na takarda.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, Yallaɓai. Shekara biyu muna haɗa shi. Na lissafa kwanakin, na zuba ƙwan yadda za su fashe yau a gaban baƙi. Yau kwana ashirin da ɗaya cif." Ta goge ido. "Ƙwan kajin Mama ne. Mako guda ta hana kanta sayarwa tana tara mini. In suka yi sanyi, shi ke nan, ba ni da abin nunawa."

"Kika ce muna haɗa shi. Ke da wa?"

"Ni da Yayana. Mai gyaran rediyo ne, shi ya haɗa mini wayoyin. Ga shi can, shi aka ba aikin lasifika yau."

Can kan dandamali wani dogon mutum na durƙushe yana jan waya. Bai ɗago ba.

Sufeto ya duba teburin. Kwamfutar Uwar Kaji na nan, sabuwa fil, ba a taɓa ta ba. Ƙarƙashin tebur ga batirin akwatin, an kwance wayoyinsa a tsanake an naɗe su.

"Akwai abin da ya ɓace kuma?"

Ta waiwaya. "Gorar ruwa. Da ita nake ƙara danshi a ciki."

A jikin bango akwai takarda da ake rubuta zafin akwatin. Layi bayan layi da shuɗin biro, sai na ƙarshe da fensir: ƙarfe bakwai na safe, talatin da bakwai da ɗigo shida.

"Ke kika rubuta wannan?"

"A'a. Ƙarfe takwas na zo."

"Kin san rubutun?"

Ta ɗan jima tana kallon takardar. "Ban sani ba, Yallaɓai."

Sufeto ya ga yadda ta haɗiye yawu, amma ya bar zancen. Ya ja Saje gefe.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawon da ya bar kwamfuta, ya ɗauki gorar ruwa, sannan ya tsaya cika wa mai kaya takarda?"

"Wallahi in akwai irinsa, Yallaɓai, ina so ya shigo gidana ya yi min shara."

Teburin da ke bakin ƙofa na wata ɗaliba ce mai yin sabulu daga ragowar man suya. Tun kafin a tambaye ta ta fara rantsuwa cewa ƙarfe takwas ta shigo.

"Madalla," in ji Sufeto. Ya kalli lambar da ke manne a teburinta, ya kalli jerin da ke hannun Farfesa. "A nan an rubuta teburinki na tara ne, can lungu. Yaya aka yi kika dawo bakin ƙofa?"

Mai Sabulu ta sunkuyar da kai. Farfesa ta gyara tabarau.

"To, gaskiya bakwai saura na zo," in ji ta. "Lambobin na sauya. Yallaɓai, wa zai je lungu ya shinshina sabulu? Amma na rantse ban taɓa akwatin kowa ba."

"Me kika gani?"

"Ban gani ba, na ɓuya bayan labule da na ji motsi. Ƙarar amalanken cibiya kawai na ji, mai kukan nan. A hankali ake tura shi, kamar an ɗauko marar lafiya."

"Wajen ƙofa ya nufa?"

"A'a. Ciki ya yi."

Mai gadi dattijo ne mai fara'a, yana zaune a ɗakinsa rediyo na ta zuba labarai. Ya buɗe wa Sufeto littafin shiga da fita, ya dafa ƙirji.

"Ko ƙuda bai shiga kafin takwas ba, ranka ya daɗe."

"Baba, yarinyar sabulu ta ce bakwai saura ta shiga."

"To, ita ɗaya. Ai 'yar gida ce."

Farfesa ta karkata kai tana sauraro. "Baba, wannan ba rediyon nan ba ne da ya mutu tun watan jiya, kake ta damun mu da zancensa?"

Dattijo ya kai hannu ya rage murya, kamar hakan zai ɓoye shi.

"Yaushe ya tashi?" in ji Sufeto.

"Yau da safe."

"Da kansa?"

Baba ya yi 'yar dariyar wanda aka kama. "Yayan Uwar Kaji ne ya taɓa min shi, Allah ya yi masa albarka. Ya ce sauri yake zai haɗa lasifika, ni kuma na ji kunyar tsayar da mutum ya yi rubutu bayan ya yi min alheri. Amma bai fita da komai ba, wannan kam zan dafa littafi."

Ƙarfe tara da rabi ta wuce. Sufeto ya tambayi Farfesa yawan ɗakunan ginin, ta ce talatin da biyu, rabinsu kuma makullansu na aljihun malaman da ba su iso ba. Bi ɗaki ɗaki zai ci lokacin da babu shi.

Ya hau dandamali wurin mai gyaran rediyo. Mutumin ya tashi yana goge hannu a wando.

"Malam, yaushe rabonka da akwatin ƙanwarka?"

"Na fi wata, Yallaɓai. Ni aikina ya ƙare tuni. Yanzu abin na 'yan boko ne."

Yana magana yana duba agogo. A bayan kunnensa akwai guntun fensir.

Sufeto ya juya wajen ɗalibai. Ya karɓi makirufo, ya busa, zauren ya yi tsit.

"Jama'a, za mu bincike ginin nan kaf. Kafin mu gama, za a kashe wutar ko'ina har la'asar. Saje, je ka sauke babban makunni."

Ɗalibai suka ɗauki hayaniya. Wani ɗalibi mai injin niƙa ya ɗora hannu a ka. Saje ya taka zuwa akwatin wuta a natse, ya buɗe murfin, ya ɗora yatsa.

"Kar ka kashe!"

Ihun ya fi ƙarfin lasifikar. Mai gyaran rediyo ya diro daga dandamali har yana tuntuɓe da wayarsa.

"Don Allah kar ka kashe! Babu batir a jiki, kuma sun fara fitowa!"

Sufeto ya ajiye makirufo. "To, Malam, kai mu."

Ɗan ƙaramin sito ne a bayan dandamali, inda ake ajiye lasifikoki. Tun kafin a buɗe ƙofar aka fara jin su. Akwatin na kan amalanke, an jona shi da soket, an tokare ƙafafunsa da kwali don kada ya karkata, gorar ruwa a gefe. Ta gilashin kuwa, 'yan tsaki ne jiƙe sharkaf suna tangaɗi a kan ɓawo, wasu sun bushe sun zama kamar auduga, wasu kuma baki kawai suka leƙo.

Uwar Kaji ta durƙusa, ta manna goshi a gilashin, tana kuka tana dariya. Ɗalibai suka yi cincirindo a bakin ƙofa suna tafi. Saje, da ya kwashi dariya tun safe, shi ne ya fi kowa ture mutane don ya leƙa.

"Yallaɓai, dubi wancan mai baƙin kai! Wallahi ya yi kama da mai ɗaukar rahoto na ofishinmu."

Sufeto ya bari aka ɗan lafa, sannan ya juya ga mai laifi. "Ina jin ka."

Mutumin ya zauna a kan wata lasifika. "Jiya na ga fostar da aka buga. Sunanta, sunan malaminta, har sunan wanda ya yi fenti. Ni babu. Shekara biyu ina rufe shago da wuri, na ƙone yatsu, na haɗa allon wayoyin da ke riƙe zafin nan sau goma sha ɗaya kafin ya yi daidai. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce bari in cire allona, mu ga yadda boko zai ƙyanƙyashe ƙwai."

"Me ya hana ka?"

"Na kwance bayan akwatin ke nan, sai na ji ɗaya yana kuka daga cikin ƙwai. Hannuna ya ƙi. Na jona wuta na zauna ina kallo. Kafin in mayar, an riga an yi ihun ɓarawo, kunya ta rufe ni."

"Takardar fa, me ya kai ka rubutu?"

Ya yi murmushin takaici. "Hannu ne, Yallaɓai. Mun saba, ba a taɓa akwatin nan ba a rubuta ba. Sai da na baro wurin na tuna."

"Tun safe na gane rubutunka, Yaya," in ji Uwar Kaji, ba ta ɗago ba. "Na kasa faɗa wa ɗan sanda. Wallahi na so in sa sunanka. Fom ɗin ne ya ce ɗalibai da malamai kawai."

Farfesa ta riƙe ƙugu. "Wane fom? Ke, kin juya bayansa kuwa?"

Uwar Kaji ta girgiza kai.

"Kullum sai na faɗa, ba kwa ji! Shafi na biyu na abokan aiki ne daga wajen jami'a. Makaniki, tela, mai walda, duk wanda ya sa hannu a aikin. Don irinsu aka buɗe wurin nan. Kin gama digirin injiniya ba ki iya juya takarda ba?"

Zauren ya fashe da dariya, har Uwar Kaji ta rufe fuska da mayafi.

Amma doka doka ce. An riga an shigar da rahoto, dole a je caji ofis a rubuta bayani, sai masu ƙara su janye in sun ga dama. Sufeto ya faɗi haka, bai ɓoye ba. Uwar Kaji ta roƙe shi ya bari a yi baje kolin tukuna. Ya duba agogo, ya ce yana da wasu 'yan tambayoyi da zai sake yi wa mai gadi, kuma da alama za su ɗauke shi har ƙarfe ɗaya.

Masu zuba jari uku suka zo. Sun shinshina sabulu, sun yaba injin niƙa, amma a tebur na ƙarshe suka maƙale. Babbar cikinsu ta tsuguna tana kallon ɗan tsako yana fasa ƙwai, ta tambayi yadda zafin ke tsayawa wuri guda. Uwar Kaji ta matsa gefe.

"Ga wanda ya haɗa shi. Yayana ne."

Ya fara bayani a kunyace, can ya manta da kunya, ya shiga zana wayoyi a bayan ambulan. Da ya gama, matar ta ce akwati ɗari take so a fara da su, kuma su biyun take son gani a ofishinta ranar Litinin.

Ƙarfe ɗaya Sufeto ya dafa kafaɗarsa. Ba a sa masa ankwa ba. Ɗalibai suka raka su har waje, Baba mai gadi na bin su da addu'a.

Saje ya buɗe ƙofar mota ke nan sai ga Uwar Kaji a guje, fom a hannu.

"Yaya, tsaya! Cika wannan kafin ka tafi."

Ya shimfiɗa takardar a kan gaban motar 'yan sanda, ya rubuta sunansa. Da ya zo layi na gaba sai ya tsaya.

"Nan an ce matsayi a cikin aikin. Me zan sa? Mai gyaran rediyo?"

"Babban injiniya," in ji Farfesa daga bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, ni ko sakandare ban gama ba."

"Ban tambaye ka ba. Rubuta."

Ya rubuta a hankali, harafi ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan takardar. Ya miƙa wa ƙanwarsa, ya goge ido da bayan hannu, ya shiga motar da ƙafarsa.