Baƙin Mai a Farin Takalmi

A unguwar Liman Abaji da ke Keffi akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma fa akwai taurin kai. In ta ce eh, ko duk gari zai taru ba za ta ce a'a ba. Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa babanta yake kiranta Uwata.

Babanta, Malam Aminullahi, malamin makaranta ne. Babur ɗaya gare shi, su kuwa su biyar ne a gidan. In za a je gaida Kaka a ruga, sai an yi sawu biyu. Don haka ya yanke shawarar sayen mota ta hannu, mai ƙofa huɗu, wadda za ta kwashe su gaba ɗaya.

Ba shi da wata dukiya sai bijimai biyu da ya gada. Suna cikin garken yayansa, Baffa Ɓoɗejo, can bayan ƙauyen Jigwada. Su za a sayar a sayi motar. In sun tafi kuwa, sun tafi ke nan.

Ranar Alhamis da yamma Baba ya ɗauki yarinyar a babur, suka je wurin wani dillalin motoci mai suna Alhaji Ubale. Ya nuna musu motoci biyu. Ɗaya ja ce, tana walƙiya, har mutum yana ganin fuskarsa a jikinta. Ɗayar ruwan toka ce, da ɗan karce a ƙofar baya.

Yarinyar ko kallon ta biyun ba ta yi ba.

"Baba, ja za mu saya," in ji ta.

"A'a, Uwata, sai Baffanki ya gani tukuna."

"Ni dai ja nake so. Waccan kamar tsohuwar tukunya take."

Washegari a makaranta ba ta bar kowa ya huta ba. Ta samu ƙawarta Zipora ta ce, "Gobe za mu sayi jar mota. Har ƙofar shagon mamanku zan zo a cikinta, in ɗago miki hannu."

Zipora ta yi dariya. "Ke dai da cika baki! Sai na gani."

"Za ki gani kuwa!"

Da yammacin Juma'ar Baffa Ɓoɗejo ya iso, da sandarsa da malfarsa. Bayan an ci tuwo, Baba ya ce za su je ganin motar da hantsi.

Baffa ya girgiza kai. "Da hantsi? A'a. Ana idar da sallar asuba za mu fita. Ni ban taɓa sayen saniya da rana ba. Da rana an ba ta dusa, an shayar da ita, an goge mata jiki. In kana son gaskiyar saniya, je ka same ta inda ta kwana. Ka ga yadda take tashi. Ka dubi abin da ta bari a ƙasa."

Yarinyar ta turo baki. "Baffa, mota fa ba saniya ba ce."

"Kul!" in ji Umma. "Da Baffan naki kike wannan magana?"

Baffa ya yi murmushi kawai. "Ƙyale ta. Gobe ta biyo mu, ta koya mini mota."

Gari na wayewa suka kama hanya. Yarinyar ta sa farin takalminta na makaranta, wanda ta wanke tas, don kada ta shiga sabuwar mota da silifas.

Sun tarar da Alhaji Ubale yana buɗe ƙofar filinsa. Da ya gan su ya ɗan daburce.

"Malam, da sassafe haka? Ai ko goge motocin ba a yi ba."

"Haka muke so," in ji Baffa.

Manya suka tsaya gaisuwa. Yarinyar kuwa ta ruga wurin jar motar. Tana shafa ta, sai idonta ya sauka ƙasa. Daidai ƙarƙashin injin, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Baƙin mai ne ya kwana yana ɗiga, har ya gangaro kusa da taya.

Ta tuna maganar Baffa. In ya ga wannan, shi ke nan, babu jar mota. Ta tuna dariyar Zipora.

"Wallahi sai an saye ta," ta faɗa a ranta.

Ta waiwaya. Baba da Baffa suna kallon ɗaya motar. Nan da nan ta sa ƙafa ta riƙa turo yashi tana rufe wurin. Ta tura, ta tura, ta daddale, har baƙin ya ɓace.

Da ta ɗago kai, sai ta ga Alhaji Ubale yana kallonta. Ya zo ya wuce ta gefenta, ya saka mata alawa a hannu, ya ce a hankali, "Yarinya mai wayo."

Baffa ya iso wurin jar motar. Ya zagaya ta sau biyu. Ya danna tayoyinta da sanda. Ya shiga baya ya zauna, ya ga gwiwarsa ba ta taɓa kujerar gaba ba. Ya sa aka buɗe but, wurin zuba kaya a baya, ya ce zai ci buhun masara biyu. Sannan ya cire malfa, ya durƙusa, ya leƙa ƙasa.



"Makwancinta a bushe yake," in ji Baffa, yana kaɗe gwiwa. "To, a tashe ta mu ga tafiyarta."

Alhaji Ubale ya miƙa makulli. "Ku zaga nan kusa ku dawo. Kada ku yi nisa, babu fetur sosai."

Baba ya ja mota. Kai, zama a cikinta da daɗi! Kujera laushi, iska mai sanyi tana busowa. Yarinyar ta manta da komai.

"Baba, mu bi ta Sabon Gari."

"An ce kada mu yi nisa, Uwata."

"Don Allah, Baba! Sau ɗaya kawai. Ni ba zan sauka ba sai an bi."

Ta yi ta naci har Baba ya gaji ya juya sitiyari.

Suna shiga Sabon Gari ta hango Zipora tana share ƙofar shagon mamanta. Ta sauke gilashi, ta fito da hannu. Ba ta kai ga ɗagawa ba sai injin ya fara wata irin ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙauri ya cika motar. Sai motar ta yi tari sau biyu, ta mutu a tsakiyar hanya.

Masu keke da 'yan acaɓa suka yi ta danna oda. Dole kowa ya fito. Baffa ya jingina sandarsa, ya kama turi. Yarinyar ma ta kama. Zipora ta ajiye tsintsiya ta zo ta sa hannu, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi wa yarinyar dariya ciwo.

Suka tura ta zuwa garejin wani bakanike, Oga Siman. Ya buɗe bonet, wato murfin injin, ya zaro ƙarfen auna mai, ya goge, ya sake zurawa. Ya nuna wa Baba.

"Malam, ko ɗigo babu. Injin nan a bushe kuka taho da shi."

Baba ya kira Alhaji Ubale a waya. Kafin a jima sai ga shi a kan acaɓa, yana ta faɗa tun kafin ya sauka.

"Kun kashe mini mota! Lafiyarta lau na ba ku. Dutse kuka hau, kuka fasa mata ciki. Wanda ya fasa kuwa shi zai saya!"

"Ban hau dutse ba, Alhaji," in ji Baba.

"To, tambayi yayanka. Shi ya durƙusa ya duba da idonsa. Malam Ɓoɗejo, ka ga ɗigon mai a ƙasa?"

Baffa mutum ne da ba ya ƙarya ko a kan kansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban gani ba. Ƙasa a bushe take."

"Kun ji ko!" in ji Alhaji Ubale, yana duban mutanen da suka taru.

Baba ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Can ya ce, "Yaya, in haka ne, sai a kai bijiman kasuwa. Ba zan ci haƙƙin mutum ba."

Yarinyar ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Bijiman nan ta san su tun suna maruƙa. Yanzu za su tafi a kan mataccen ƙarfe. Kuma ga Baffa, wanda bai taɓa kuskuren saniya ba, an sa shi sunkuyar da kai a gaban jama'a. Duk ita ta jawo.

Ta dubi ƙafarta. A bakin farin takalminta na dama ga baƙin mai nan, ya kama ram. Alawar tana nan a hannunta, ta jiƙe da gumi.

Tsoro ya kama ta. Amma taurin kan nan nata bai tafi ko'ina ba. Wannan karon dai ya juya ya fuskanci inda ya dace. Ta cire takalmin, ta shiga tsakiyar manya da ƙafa ɗaya babu takalmi.

"Ba za a sayar da bijiman Baba ba!" in ji ta da ƙarfi.

"Ke, yi mana shiru!" in ji Alhaji Ubale. "Yara ba sa shiga maganar manya."

"Ba zan yi shiru ba. Baffa, ƙasar ba a bushe take ba. Mai ya zuba da yawa. Ni na rufe shi da yashi, don kada ka gani. Ga shaida a takalmina."



"Ƙarya take yi!" in ji Alhaji Ubale. "A garejin nan ta taka shi."

"Ba ƙarya nake ba, Alhaji. Ka gan ni ina rufewa. Har ka ba ni alawa, ka ce ni mai wayo ce. Ga abarka, ban sha ba." Ta ajiye alawar a kan bonet. "In ana musu, a je a share yashin."

Oga Siman ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar. Da ya fito ya ce, "Yarinya ta yi gaskiya. Tsohuwar ɓula ce a ƙasan injin, an liƙe ta da gam. Kullum da safe sai an ƙara mata mai kafin masu saye su zo. Yau kun riga mai ƙarawa zuwa."

Duk da haka aka ɗunguma zuwa filin motocin. Baffa ya sa sandarsa ya tone yashin. Ga baƙin mai nan shimfiɗe. Alhaji Ubale ya karɓi makullinsa, ya shige ofis. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

A gida yarinyar ta durƙusa a gaban Baba da Baffa, tana kuka.

"Ku yafe mini. Na yi wa Zipora cika baki ne, na ji kunyar a ce ba a saya ba."

Ran Baba a ɓace yake. "Uwata, saura kaɗan ki raba mu da abin da mahaifinmu ya bar mini, saboda fenti. Kin kuma sa an kunyata Baffanki. Takalmin nan ba zan sake miki wani ba sai ƙarshen zango. Da shi za ki riƙa zuwa makaranta."

Ta wanke takalmin da sabulu har sau uku. Baƙin bai fita ba. Ranar Litinin 'yan aji suka yi ta tambaya, ita kuma ta faɗa musu gaskiya. Zipora ta ce, "Ni dai turin da na yi, sai kin rama mini da yawo a mota."

Bayan mako biyu Oga Siman ya samo musu wata mota a wurin wani ma'aikaci da zai koma Lafiya. Ruwan toka ce ita ma, ba ta da wani ƙyalli. Suka je da sassafe. Oga Siman ya duba inji da birki da takardu. Da aka zo duba ƙasa, sai Baffa ya miƙa wa yarinyar sandarsa.

"Uwata, gwiwata tana ciwo. Duba mana makwancinta."

Ta durƙusa, ta leƙa, ta tona ƙasar da sanda, ta sake tonawa.

"A bushe yake, Baffa. Har can ciki."

"To, na yarda," in ji Baffa, bai ko leƙa ba.

Wannan yardar ta fi mata jar mota daɗi.

Ranar Asabar suka tafi ruga su biyar a sawu ɗaya, har da Zipora ta shida a matse a baya. Kaka ta fito tana ta sa albarka. Motar ta kai su, ta dawo da su lafiya.

Yara, kada kyan abu ya sa ku rufe aibinsa. Wanda ya ɓoye gaskiya don son ransa, mutanen gidansu yake fara cuta. In kuwa kuna da taurin kai, to ku ajiye shi don ranar da za ku tsaya a kan gaskiya.