Sunan da Ke Goshinta

Likita ya ja layi uku da baƙin alƙalami a goshinta, sannan ya miƙo mata madubi.

"Nan zan tsaga, a cikin gashi inda ba mai gani. In ɗaga girar, in sassauta naman da ke tattare miki tsakiyar nan. Da kumburi ya saɓe, sai goshi sumul."

"Zai riƙa motsi?"

"Zai yi, amma ba kamar dā ba. Ai tattarewar ce kike gudu, ko?"

Tafinta ta gyaɗa kai. Ita ba matsoraciya ba ce. Shekara bakwai tana tsayawa a kusurwar allon talabijin tana mayar wa kurame labarai da maganar hannu, ba ta taɓa rikicewa ba. Aikin ne ma ya bar mata layukan nan, don maganar hannu da fuska ake yin ta, gira ta hau, gira ta sauka. Amma magana ɗaya ta Umma, mahaifiyar saurayinta Mai Agogo, ta zauna mata a ƙirji.

"Ɗana kurma ne, da ido yake rayuwa. Ba zan bari ya ƙare kwanakinsa yana kallon fuskar nan a murtuke ba."

To, in goshi ne kaɗai ke tsakaninta da aurenta, ta ce a gyara shi. Ba ta shawarci Mai Agogo ba, don ta san ba zai yarda ba.

Ta fito ɗakin jira za ta sa hannu a takarda, sai ta ci birki. Ga Umma zaune da jaka a cinya, ga Mai Agogo tsaye, gilashin gyaran agogo na rataye a wuyansa, da alama daga kan aiki aka tsinko shi.

A bayan tebur kuwa 'Yar Gwal ce, 'yar ƙanwar Umma, mai karɓar baƙi a asibitin, tana ta gyara takardun da ba su hargitse ba. Ita ta kawo wa Tafinta shawarar aikin nan da daɗin baki, kuma ita ta kira su. Ta daɗe tana son ɗan uwan nata a ranta.

"Kin gani ko, Umma?" 'Yar Gwal ta ce. "Fuskar aro za a shigo muku da ita gida, a ɓoye."

Mai Agogo bai dubi kowa ba. Ya tako gaban Tafinta, ya ƙura wa zanen ido, sai hannuwansa suka fara tashi da sauri.

"Me yake cewa?" Umma ta tambaya. Shekara talatin da nuni kawai take magana da ɗanta, zo, ci, kwanta. Ta dubi 'Yar Gwal, ita kuwa ko gaisuwa da hannu ba ta iya ba.

Dole ta juyo ga Tafinta.

"Faɗa mini."

"Umma, aikina yana da ƙa'ida. Abin da ya faɗa shi zan faɗa, da bakinsa, ba ragi ba ƙari. Ko zai yi zafi."

"Na ji. Faɗa."

Tafinta ta gyara tsayuwa kamar an kunna mata fitilar ɗakin labarai. Ya ɗaga hannu, ta ɗaga murya.

"Masoyiyata, wa ya ce ki goge sunanki?"

Kunya ta kama ta, amma ba ta tsaya ba.

"Mu kurame ba da haruffa muke kiran mutum ba, da alamar da muka gani a jikinsa ce. Ran da na fara ganinki na sa yatsu biyu a tsakanin girata, ya zama sunanki. Goshin nan shi ne muryarki a wurina. Da shi nake sanin kina tsokanata, da shi nake sanin kin yi kewata. In an kwantar da shi, an kurmantar da ni sau biyu..."

Ta ci gaba da fassara, don ya riga ya juya ga mahaifiyarsa.

"Umma, ina ƙaunarki. Amma tun ina yaro murmushi kike yi mini, kina fushi kina murmushi, kina ciwo kina murmushi. Ran da Baba ya rasu ma da murmushi kika shigo ɗakina. Ban taɓa sanin abin da ke ranki ba. Ita wannan, ba ta taɓa ɓoye mini komai ba sai yau."

Umma ta daɗe tana kallon ɗanta, yau ne karon farko da ta ji doguwar magana daga gare shi, kuma ta bakin yarinyar da ta ƙi. Hawaye suka zubo mata, ba ta yi murmushin ba.

"Umma, ai ƙara gishiri take yi..." 'Yar Gwal ta soma.

"Rufe mini baki. Zancen ubansa ba ta san shi ba."

Tafinta ta juya ga Mai Agogo, ta yi masa magana da hannu.

"Na yi kuskure da na ɓoye maka, abin ƙaunata. Amma ka sani, ni na zo da ƙafata, kuma ni na fasa da kaina."

Ta ajiye takardar a kan teburin ba sa hannu.

Umma ta miƙe, ta jiƙa bakin mayafinta da ruwan gorarta, ta kamo haɓar Tafinta tana goge zanen layi bayan layi.

"Tsaya mana, 'yar nan. Ki daina tattare shi in samu in goge."

Mai Agogo ya fashe da dariya.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Da aka shigo da amarya, Umma ba ta kira ta da baki ba. Ta tsaya a ƙofar falo inda ɗanta zai gan ta, ta haɗe gira iya ƙarfinta, ta ɗora yatsu biyu a tsakaninsu.